Hannun Kawu: kundin aikin zubin haruffa

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa ajiye bayanin aikin da na ɗaura niyyar yi, wato ƙera zubin haruffa na kwamfuta, abin da mu masu aikin ɗab'i muke kira font, wanda zai yi kama da rubutun hannu na yau da kullum, irin wanda ake rubuta kowane harafi shi kaɗai ba tare da an sarƙa shi da na kusa da shi ba, kuma ya zo da ɓ da ɗ da ƙ tun daga tushe.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne makonni biyu da suka wuce a shagon da nake aiki, nan wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Wata hajiya mai sana'ar zoɓo da kunun aya ta kawo aikin sitika guda 500 da za ta liƙa a jikin robobinta, ta kuma ce ba ta son rubutu irin na takardar gwamnati, tana son wanda idan mutum ya gani zai ce wani ne ya zauna ya rubuta da hannunsa. Muka zaɓa mata wani zubi mai kyan gani. A kan allon kwamfutata komai ya zauna daidai, domin manhajar ta aro harafin ɓ daga wani zubin dabam ta cike gurbin ba tare da na lura ba, amma da aka kai fayil ɗin kan kwamfutar da ke haɗe da babbar firinta sai aron ya ƙi, aka buga duka ɗari biyar ɗin da wani ɗan akwati fanko a tsakiyar kalmar zoɓo. Laifin namu ne, mu muka biya. Dabarar da aka saba yi a shaguna irin namu ita ce a buga b, a mayar da rubutun zane a cikin manhajar CorelDraw, sannan a ɗora masa ƙugiya da hannu. Haka muka yi a karo na biyu, aikin ya fita, sai dai duk wanda ya san rubutu zai ga ƙugiyar nan baƙuwa ce a jikin harafin, kamar an ɗinka wa riga hannun wata rigar.

Hannun da zan ɗauka na Kawu ne, wan mahaifiyata, wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare kafin ya ajiye aiki. Ban taɓa ganin rubutun da yaro ke karantawa cikin sauƙi irin nasa ba, ga shi kuma ba ya da taurin rubutun littafi. Na je masa da maganar bayan la'asar. Ya yi dariya ya ce, “Kai ɗan nan, rubutun nawa ne za ka cusa cikin inji?” Daga baya ya amince.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 2024

Hanyar da na fara bi ba ta yi ba. Na buga masa takarda mai gidaje, kowane gida da harafin da zai rubuta a ciki, kamar yadda ake nunawa a darussan intanet. Ya cike shafi uku cikin natsuwa, kuma da na duba sai na ga ba hannunsa ba ne ko kaɗan. Haruffan sun miƙe tsam, kowanne ya tsaya kamar ɗan makaranta a gaban sufeto, domin mutum idan ya san ana kallon harafinsa ɗaya-ɗaya, zana shi yake yi, ba rubutawa ba.

Yau na sauya dabara. Na kai masa littafin rubutu mai layi irin na 'yan makaranta da alƙalami mai bakin soso, na zauna a gefen tabarma ina yi masa shifta, shi da ya shekara talatin da biyar yana yi wa wasu. Na karanta masa jerin kayan cefane, da wasiƙar neman izini, da sunayen ƙofofin gari tun daga Ƙofar Soro har Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, da kwanakin mako, da lissafin kuɗin makaranta. Zuwa shafi na biyu ya manta da ni, hannu ya sake, kuma a nan ne abin da nake nema ya fito. Rubutunsa yana ɗan karkata dama kaɗan, bai kai a kira shi kwantacce ba. Harafin a nasa mai ciki ɗaya ne da sanda a gefe, ba irin na littafi mai rumfa a kai ba, haka ma g wutsiya ɗaya gare shi. Bakin kowace sanda a dunƙule yake, babu 'yan takalman nan da haruffan jarida ke sawa. Harafin o ba ya rufewa sarai, yakan bar wata 'yar kafa a sama inda alƙalami ya fara, t kuwa gicciyensa ya fi tsawo ta dama.

Da muka zo kan p da q da v da x sai ya ajiye alƙalami ya ce waɗannan ba sa cikin abacadan Hausa. Gaskiyarsa ne, amma na ce masa, “Kawu, masu kawo aiki rabin rubutunsu Turanci ne, kuma zubin da ba ya da su ba wanda zai ɗora a kwamfutarsa.” Ya rubuta su, da ganin yadda suka fito ka san ba da son ransa ba ne. Zan sake neman su wata rana.

Alhamis, 12 ga Disamba, 2024

Na yi sikan ɗin shafi 14 a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci. Hunturu ya shigo, kuma duk yadda na goge gilashin na'urar sai ƙura ta bar ɗige-ɗige a hoton, har wani ya zauna daidai kan wani l ya mayar da shi i. Na gwada bin sawun haruffan ta atomatik a cikin manhajar zane ta Inkscape, abin ya fito da sauri, sai dai kowane harafi ya zo da ƙulle-ƙullen sarrafawa, wato ɗigogin da ake ja a lanƙwasa layin zane, fiye da ɗari, domin manhajar tana bin duk wani tsagewar tawada a jikin takarda kamar wani abu ne da marubucin ya nufa. Na watsar da wannan. Yanzu ina sa hoton a baya ne a cikin FontForge, manhajar ƙera zubin haruffa wadda kyauta ake samun ta, in zana harafin da kaina a kansa da ƙulli kaɗan, goma sha biyu zuwa ashirin. Yana cin lokaci, harafi uku ko huɗu nake gamawa a dare.

Ma'aunan da na tsayar su ne waɗannan: filin harafi kashi 1000, tsayin ƙananan haruffa marasa wuya 500, masu wuya irin b da d da k 740, manyan haruffa 680, kaurin sanda 70. Na bar manyan haruffa sun gaza masu wuya tsawo da gangan, domin haka Kawu yake yi, kuma hakan zai bar wa ƙugiya wurin da za ta sha iska.

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Mako uku ban taɓa aikin ba. Ayyukan kalanda da katunan biki sun yi yawa a shago, dare kuma babu wuta, batirin kwamfutata ba ya wuce minti arba'in. Ƙananan haruffa 19 ne a ƙasa.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Wannan makon gaba ɗaya a kan haruffa masu ƙugiya ya ƙare, kuma su ne dalilin aikin tun farko, saboda haka zan tsawaita.

Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, amma injuna ba su taɓa sakin jiki da su ba. Kawu ya ba ni labarin yadda a zamanin tafireta akawun makaranta zai buga takardar jarrabawa, sannan a bi ta da biro ana ɗora ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, wanda aka tsallake kuma yaro ya karanta baƙi a matsayin baki, ko ƙasa a matsayin kasa. Yau kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambar da kwamfuta ke gane shi da ita: ɓ tana 0253, ɗ tana 0257, ƙ tana 0199, manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. Matsalar ba ta rashin lamba ba ce, ta rashin wanda zai zana su ce a cikin zubin. Zubi na aikin ofis da yawa suna da su yanzu, amma masu kama da rubutun hannu, waɗanda mai zoɓo da mai kilishi da malamar nazare suke so, da wuya ka samu ɗaya a cikin tarin da ke kwamfutocin shagunanmu.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauki b da na riga na zana na lanƙwasa kanta, na yi wa d da k haka, da ƙugiya iri ɗaya da na kwafa sau uku. Da na buga na kai masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki alƙalami ya ce in dubi hannunsa kada in dubi takardar. Sai na ga ashe shi ba ya rubuta b sannan ya ƙara mata wani abu. Daga ƙugiyar yake farawa: alƙalami ya sauka a sama ta dama, ya zagayo hagu, ya gangaro ya zama sanda, ya yi ciki, duk a jan hannu ɗaya. Saboda haka sandar ɓ tasa ba miƙaƙƙiya ba ce kamar ta b, tana da ɗan rankwafawa tun daga tsakiya. A ɗ kuwa akasin haka yake yi, ciki yake fara zagayawa, ya haura sama, ya ƙare da ƙugiyar, shi ya sa ƙugiyar ɗ take fita siririya mai ɗan tsawo, kamar hannu yana sallamar harafin, alhali ta ɓ gajera ce mai nauyi. Ta ƙ tana tsakaninsu. Na share ukun na sake su daga farko.

Daga nan wasu matsaloli biyu suka taso. Ta farko, ɓ da aka rubuta da sakakken hannu tana neman zama lamba 6, musamman idan rubutun ya ƙanƙance. Maganin da na samu shi ne in bar ɗan dungun sanda ya leƙo a ƙasa ta hagu, in kuma sa 6 ta fi ta zagaye da faɗi. Ta biyu ta fi ba ni wahala. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa kan harafin da ke biye da ita, idan kuwa i ne sai ta yi karo da ɗigonsa, su haɗe su zama tabo ɗaya. Kalmar da ta tona wannan ita ce kuɗi, wadda ba a yin tallar da babu ita, sai faɗi da daɗi da buɗi. Idan na buɗa tazara tsakanin ɗ da i sai kalmar ta rabe biyu, ta zama kamar kuɗ da i. Abin da na yi a ƙarshe shi ne na zana wani i na musamman mai ɗigo ƙasa-ƙasa, an ɗan tura shi dama, na kuma rubuta ƙa'ida a cikin fayil ɗin cewa duk inda i ya biyo ɗ wannan za a ɗauko. Da na koma shafukan Kawu na duba yadda ya rubuta kuɗin makaranta, sai na tarar haka hannunsa yake yi da kansa ba tare da ya taɓa tunanin abin ba.

Manyan ba su ba ni wuya sosai ba. Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu ta hagu take fitowa daga saman sanda, Ƙ kuma hannunta na sama ne ke lanƙwashewa. Abin lura ɗaya shi ne kada Ɗ ta yi kama da D da aka sa wa alamar ɗauke magana a gaba, don haka na haɗe ƙugiyar da jiki sosai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 2025

Haruffa manya da ƙanana sun kammala, na fitar da gwaji na farko na buga sakin layi guda a takarda. Daga nesa rubutun hannu ne, daga kusa kuwa inji ne ƙarara, kuma harafin a ne ya fallasa shi. Hausa cike take da a. A cikin “Allah ya ba da sa'a” kaɗai, haruffa bakwai cikin goma sha huɗu a ne, kuma idan duk suka fito sak iri ɗaya, ido yana ganewa ko da mai idon bai san abin da ya gane ba. Haka nan baƙaƙen da ake ninkawa, irin na haɗaɗɗe da miƙaƙƙe da ruɓaɓɓe da tattauna, inda tagwaye biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba bambanci ko na gashi.

Na koma shafukan sikan na zaɓo a guda uku mabambanta, da biyu-biyu na n, k, s, t, l, r, y, da ɓ, ɗ, ƙ, na sa ƙa'idar musanya ta OpenType, wato tsarin fayil ɗin zubin, yadda ba za a ga iri ɗaya sau biyu a jere ba. Na gwada sa bambancin ya yi yawa, layin ya fito yana tsalle kamar rubutun wanda ke kan babur. Na rage shi har ya zama sai ka sa ido kafin ka gani, a nan ne ya zauna. Abin da na fahimta shi ne sakin hannun da ake gani a rubutun Kawu yana da iyaka ƙunci ƙwarai: haruffansa suna bambanta a siffa, amma tsayinsu da wurin zamansu a kan layi kusan ba sa motsi. Matsala ɗaya da ba ni da maganinta ita ce ba kowace manhaja ce ke kunna wannan musanyar da kanta ba, tsofaffin da ke wasu shaguna ma ba su san da ita ba, don haka dole a na farko ya zama wanda zai iya tsayawa shi kaɗai.

Na kuma gyara alamar nan ta 'ya'ya da ma'ana da sana'a. Manhajar rubutu takan juya ta baibai idan ta zo a farkon kalma, domin tana ɗaukar ta a matsayin buɗe zance. A zubina na zana ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya, ɗan karan tsaye mai ɗan karkata kamar yadda hannu ke yi, saboda haka ko manhajar ta juya ba za a ga aibu ba.

Juma'a, 7 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun ranar Asabar, aikin dare ya tsaya. Na yi amfani da jadawalin sahur da buɗa-baki da wani masallacin unguwa ya kawo wajen gwada lambobi. Ba su yi ba. Lambobin hannu faɗinsu ba ɗaya ba ne, 1 siririya, 4 mai faɗi, don haka layukan jadawalin suka karkace, mintuna ba su zauna ƙarƙashin mintuna ba. Na mayar da jikin jadawalin zuwa zubi na ofis, na bar nawa a kan take kawai, kuma a nan ya yi kyau. Zan zana jerin lambobi na biyu masu faɗi ɗaya bayan salla. Na ƙara alamar naira, ₦, wadda na manta da ita gaba ɗaya sai da yaron shagonmu ya tambaya. Da layi biyu a gicciye tana cushewa idan ta ƙanƙance, sai da na rage kaurin layukan zuwa rabin na sanda.

Laraba, 23 ga Afrilu, 2025

Gwaji biyu na yi a wannan watan, sakamakonsu kuma ya sha bamban.

Na farko a wata makarantar firamare ce da ƙanwata ke koyar da aji biyu. Na buga mata takardun karatu iri biyu masu jimloli ɗaya, ɗaya da zubina, ɗaya da Andika, zubin da ƙungiyar SIL ta ƙera musamman domin masu koyon karatu, wanda ke da haruffanmu duka kuma kyauta ne. Ban je don in kayar da Andika ba, na san aikin ƙwararru ne na shekaru, na je ne in ga inda nawa zai yi tuntuɓe. Na zauna a bayan aji. Yara ba su tsaya a kan ƙugiya ko sau ɗaya ba, wanda ya faranta mini rai, amma wata yarinya da ta zo kan sunan Iliya sai ta tsaya cak, ta ɗora yatsa a kan haruffa biyun farko, ta ɗago kai tana kallon malamarta. Babban I da ƙaramin l sanda ɗaya ce a hannun Kawu, shi a kan allo yana bambanta su da tsayi ne kawai, ga kuma lamba 1 ta zama ta uku. A Andika kowanne da alamarsa. Na dawo na sa wa I gicciye sama da ƙasa, na ba l 'yar wutsiya zuwa dama, na ba 1 ɗan baki. Wannan shi ne wuri na farko da na kauce wa hannun mai shi da sanina, kuma na gaya masa. Ya ce shi ma da zai koma aji yau haka zai yi. Ƙanwata ta ce abin da ya fi burge ta shi ne a da g na takardar irin waɗanda take rubutawa a allo ne, yaro ba ya buƙatar a ce masa wannan da wancan abu ɗaya ne.

Na biyu bana ce, wato ƙyallen talla, mai tsawon ƙafa shida da muka buga wa wani mai shayi. A cikin shago ta yi kyau. Da aka ɗaura ta na tsallaka titi na waiwaya da tsakar rana, sai rubutun ya narke cikin hasken, sandunan sun yi siriri ainun. Na ƙara kaurin na kullum daga 70 zuwa 84, na ɗaga tsayin ƙananan haruffa zuwa 520, na kuma fara zana mai kauri na 130 domin alluna da banoni. Ba a samun mai kauri ta hanyar kumbura na farko kawai, domin cikin a da e yana toshewa, ƙugiyar ƙ kuma tana manne wa hannunta. Kowane harafi sai an sake zama a kansa.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Zubin ya fara aiki a shago, ko da yake na hana a ba kowa fayil ɗin tukuna. Ya zuwa yau mun yi amfani da shi a sitikar zoɓon hajiyar nan, wadda ta dawo, da ledar wani mai kilishi, da katin walimar saukar karatu, da jerin farashin wata mai abinci, da takardun aikin gida na makarantu biyu. Inda ya fi dacewa, a ganina, shi ne gajeren rubutu da ake so ya yi kamar magana: sunan kaya, gaisuwa, farashi, umarni ga yaro. Idan rubutu ya wuce sakin layi biyu yakan fara gajiyar da ido, ƙasa da ma'aunin girman rubutu na 11 kuma ƙugiyoyin suna dusashewa a firintar da tawadarta ta yi ƙasa.

Sau biyu na hana a yi amfani da shi. Wani ya so a buga masa takardar shaidar kammala koyon sana'a da shi, na nuna masa cewa takardar da za a kai neman aiki ba ta son rubutun da ya yi kama da na littafin cefane. Wani kuma sanarwar rasuwa da addu'a ya kawo, ya nuna zubin a jikin bango ya ce shi yake so. Na ce masa, “Alhaji, a yi haƙuri, wannan rubutun fara'a gare shi,” ya ɗan yi shiru ya ce to a sa wanda ya dace. Kai zubi inda bai dace ba ita ce ƙaddarar da ta sami zubin Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994 domin maganar wani karen zane a cikin manhajar masu koyo, amma da ya shiga kowace kwamfuta sai aka riƙa buga komai da shi, har masanan cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai suka yi amfani da shi a 2012 wajen gabatar da sakamakon babban bincikensu, duniya ta yi ta magana a kan haruffan. Ni ban ga laifin zubin ba, an kai shi inda ba a gayyace shi ba ne. Kuma duk yawan amfanin da ake yi da shi a makarantunmu, wanda ke kwamfutocin shagonmu ba ya da ƙ.

Lahadi, 15 ga Yuni, 2025

Bayan babbar salla wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, wanda ke shigowa ta Jibiya, ya ga ledar kilishin nan ya zo neman irinta. Da ya rubuta abin da yake so a takarda sai na ga gibin da ban yi tunaninsa ba. Su a Nijar ba sa rubuta 'y kamar mu, harafi guda suke da shi mai ƙugiya, ƴ, babbansa Ƴ, lambobinsu 01B4 da 01B3. Rabin rubutun nasa kuma Faransanci ne, yana buƙatar é da è da ç. Ba ni da ko ɗaya. Na yi masa aikin da wani zubin, na rubuta bashin a nan.

Kawu bai taɓa rubuta ƴ ba a rayuwarsa, saboda haka babu inda zan kwafo. Jiya na kai masa takardar ɗan kasuwar, ya juya ta ya duba, ya gwada sau wajen ashirin a bayan wani tsohon kati, yana faɗin ƴaƴa a bakinsa yana rubutawa. Na farko-farkon zane ne, kamar na gidajen nan na watan Nuwamba. Wajen na goma sha biyar hannun dama na harafin ya fara lanƙwashewa da kansa ba tare da ya ɗaga alƙalami ba, na ce masa ya tsaya haka nan. Na ɗauki na goma sha shida da na goma sha takwas.

A zaman nan na kawo masa maganar lasisi. Ina so in saki zubin a ƙarƙashin lasisin OFL, irin wanda Andika ke kai, wanda ya ba kowa damar amfani da gyarawa da rabawa, muddin ba a sayar da fayil ɗin shi kaɗai ba. Na bayyana masa cewa hakan na nufin zai iya ganin hannunsa a jikin kayan da bai sani ba, a garin da bai taɓa zuwa ba. Ya ce ba ya da ja, sharaɗinsa ɗaya kada a sa sunansa, don haka sunan fayil ɗin zai tsaya Hannun Kawu.

Abin da ya rage kafin saki: lambobi masu faɗi ɗaya, haruffa tara na mai kauri, alamomin Faransanci, da alamomin karin sauti da tsawon wasali da wani ɗalibin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya roƙa domin rubutun nazarinsa. Daidaita tazara tsakanin haruffa biyu-biyu kuma na kai guda 140, ban taɓa na manyan haruffa ba. Sannan akwai q da x, waɗanda har yanzu na ranar shifta ne, masu taurin kai. Na bar masa littafin da alƙalamin da jerin kalmomin Turanci goma da ke ɗauke da su, ya ce in dawo ranar Alhamis bayan la'asar.